Na bi da shi ta doguwar hanya

Ni mutumin Dungas ne. Da damina noma nake yi, da rani kuwa kabu-kabu. Shekara 9 ke nan ina bisa moto. Ina kai mutane Dogo-Dogo, da Mallawa, da Gushi. Ranar Alhamis ina kai ƴan kasuwa Maigatari. Karatu kuwa, sai da furfura ta fara fito mini a gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya taɓa samun shi. To, ga nawa.

Gonar da nake nomawa ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta kakanmu ce. Rabi na mahaifina ne, Allah ya jiƙan shi. Rabi na ƙanensa ne, wato Baffa. Baffa ya bar gari a 1984, shekarar yunwar nan da ake kira El-Buhari. A lokacin iyaka tana rufe, sai ya bi ta daji da dare. Ya zauna Kano, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa. Sau biyu kawai ya dawo, duka don ta'aziyya, kuma bai kwana biyu ba. A zuciyarsa ƙasarmu tana nan yadda ya bar ta: iska, da rairayi, da gawar shanu a bakin hanya.

A watan Disamba na 2024 aka kira ni a waya. Aka ce Baffa zai aiko ɗansa ya sayar da rabonsa. Har wani alhaji ya riga ya taya. Ranar ban ci tuwon dare ba. Ƴaƴana 7 ne. In damina ta yi kyau, gonar duka tana ba ni dami 70 na hatsi, ban da wake da riɗi. A raba 70 gida biyu, ku da kanku kun san abin da ya rage. Kuma a wajenmu mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance. Wanda ya rasa gona yau, da wuya ya sake samun wata.

Ranar Alhamis na tarbo yaron a Maigatari. Saurayi ne mai farin takalmi da ƴar jaka a baya. Bai taɓa taka Nijar ba. Moto ma mashin yake ce mata. Kafin magariba duk unguwa ta sa masa suna Bakano. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Tsofaffin mata suka sa shi gaba da tsiya, shi ma bai raga musu ba.

Bayan sallar Juma'a ya ce mini: "Yaya, kafin mu yi maganar gona, ina so in ga Damagaram. Ka zama jagorana. Ni zan sayi mai, in sayi abinci, in biya ka abin da kake samu a yini."

Na ji kunya, don ɗan'uwa ba fasinja ba ne. Amma na karɓa. Buhun da ke ɗaka ba ya jin kunya.

Hanya biyu ce ke zuwa Damagaram daga wajenmu. Mai sauƙi ita ce a yi yamma zuwa Magarya, a hau kwalta. Wanda ya yi sammako zai yi azahar a can. Ɗayar kuwa arewa take yi, ta Waca da Mirya, cikin rairayi da gonaki. Ita na zaɓa. Bari in faɗi gaskiya: wayo na yi masa. Na ce a raina, in yaron nan ya ga ƙasar da idonsa, hannunsa zai yi nauyi wajen sayarwa. Ban ce masa akwai wata hanya ba.

Ranar Asabar da asuba muka shirya. Na ɗaure jarkar ruwa, da kwalaben mai 4, da famfon iska, da kayan faci, da fulogi sabo. Na sa takardun moto cikin leda a aljihun ciki. Na ba shi rawani ya rufe hanci da kunne, don sanyin hunturu bisa moto ba wasa ba ne. Ya ce shi ba Buzu ba ne. Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya ya naɗa.

Tuƙi cikin rairayi sana'a ce daban. Ana rage iskar taya kaɗan don ta baje. Ana tafiya da giya ta biyu, ba a sakin mai, ba a damƙe birkin gaba. Kan moto zai yi ta rawa, a bar shi ya yi. Shi kuma na baya ya zauna kamar buhu, kada ya ce zai taimaka. Na faɗa masa haka sau uku. Da muka shiga wani rairayi mai zurfi, sai ya sauke ƙafa wai zai tare mu. Sai ga mu a ƙasa, mu da moto. Babu wanda ya ji ciwo. Farin takalmi dai ya zama ja. Wasu yara masu kiwon awaki suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Da rana ta ɗaga muka hau wani tudu. Ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka, ya yi shiru yana kallo. Gonaki ne an gama girbi, karan hatsi a kwance. Amma ko'ina ka duba gawo ne, kore shar, har iyakar ganin ido. Shanu da tumaki suna kwance a inuwa.

Ya ce: "Baba ya ce babu ice a ƙasar nan."

Na ce: "Lokacin da ya tafi, kusan haka ne."

Sai na ba shi labari. Da can in za a yi sassabe, komai ake sarewa, a ƙone. Gona mai tsabta ita ce gonar da babu ko tsiro. Bayan farin 1973 da na 1984, iska ta riƙa binne shuka, sai an sake shuka sau biyu, sau uku. Daga nan manoma suka fara barin ƴan itatuwan da ke tsirowa da kansu. A zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kiyaye su daga gatari da bakin akuya. Shi ne ake kira sassaben zamani. Ba dashe ba ne, ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Masana sun ƙiyasta itatuwan da suka dawo ta haka a kudancin Nijar sun kai miliyan 200. Ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya tana cikin inda abin ya fi yawa.

Shi gawo kuwa icen mamaki ne. Da damina, lokacin da kowane ice ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi. Hatsi ya samu rana, ganyen ya zama taki. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi ne kore. Ƴaƴansa abincin dabbobi ne, har sayar da su ake yi a kasuwa. Dabbobi su kwanta a inuwarsa, su bar kashi a gona. Na ce masa ya tambayi kowane manomi, zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Ana cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo a zamaninsa, da hukunci mai tsanani. A gonarmu akwai 31. Ni na raini 24 daga ciki da hannuna.

Ya yi ta ɗaukar hoto da waya. Ni kuwa ina murna a ɓoye.

Wajen hantsi muka tarar da wata Bafulatana a gindin tsamiya. Ta dama mana fura da nono a ƙwarya, da ludayi biyu. Furar gero ce mai yaji da citta, nonon kindirmo ne na jiya. Bakano ya tambaya ko akwai ƙanƙara. Matar ta dube shi, ta dube ni, ta ce: "Wannan daga ina ka samo shi?" Duk da haka sai da ya shanye, ya nemi ƙari.

Da la'asar muka iso Waca. Wanda bai san ƙasar Korama ba, ba zai yarda ba. Kana tafiya cikin farin rairayi, sai ka hau tudu, sai ka ga kwari a ƙasa kamar an shimfiɗa koren zane. Rake, da rogo, da albasa, da kabeji, da dabino, da mangwaro. Ruwa yana kusa, ba a haƙa da nisa ake tarar da shi. Wasu na ja da guga, wasu da injin ban ruwa. Muka shiga wata garka. Mai garkar ya sare mana rake biyu, ya ƙi karɓar ko dala.

A gidan Goggo muka sauka, yayar su Baffa. Ita tun da daɗewa aka fitar mata da nata rabon gado a wata gona. Da ta ga yaron sai ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, ta fashe da kuka. Ta ce ƙanenta ne sak, ranar da ya tafi. Ta sa aka yanka zakara. Aka yi tuwon gero da miyar kuka, da daddawa, da man shanu. Aka kawo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Bayan isha'i mijinta ya ba mu tarihi a bakin wuta. Ya ce Dungas da Waca da Mirya asalinsu ɗaya, ƙasar Sosebaki, kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su. Ya ce wa Bakano: "Hanyar da yayanka ya biyo da kai, hanyar kakanninka ce." Na ce a raina, madalla, tsoho ya taya ni aiki.

Na kwanta ina ganin na ci nasara.

Ranar Lahadi muka kama hanyar Mirya. Ba mu yi rabi ba ƙaya ta huda tayar baya. Abin haushi, ƙayar gawo ce. Muka tura moto zuwa inuwa. Na cire taya, na fito da roba, na shafa mata ruwa ina neman inda ke huci. Shi yana zaune bisa jarka yana kallona.

Can sai ya ce: "Yaya, wayata tana da taswira."

Na ce: "To."

Ya ce: "Tun shekaranjiya na san akwai hanya ta Magarya. Na san abin da ya sa ka biyo da ni nan. Ban ji haushi ba. Amma kwana uku ke nan muna tare, ba ka tambaye ni abin da ya sa Baba zai sayar ba."

Hannuna ya tsaya. Gaskiya ne, ban tambaya ba. Na riga na yanke a raina cewa mutanen birni kuɗi kawai suka sani.

Ya ce wata 8 ke nan Baffa yana kwance. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Magani kowane wata, gashin ƙashi kowane mako, ga kuɗin hayar gida, ga ƙanne 4 a makaranta. Sun sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa. Shi kansa ya bar karatu ya koma tsaron shagon wani. Baffa ya hana a faɗa wa mutanen gida, wai kada a ce ya tafi shekara 40 ya dawo da roƙo. Kuɗin tafiyar nan ma na shi yaron ne, da ya tara. Ya ce yana so ya ga ƙasar sau ɗaya kafin ta fita hannunsu.

"Kana tsammani mota za mu saya?" in ji shi.

Ban samu abin cewa ba. Na manna faci, na danne da dutse, na jira ya kama. Ban taɓa jin faci ya daɗe kamar na ranar ba. Na ɗauko yaro ina nuna masa itace, mahaifinsa kuwa, ƙanen ubana, ko cokali ba ya iya ɗagawa.

Mun shiga Mirya kasuwa ta cika, don Lahadi ce ranarta. Garin manyan kukoki ne da garake. An san matan Mirya da ginin tukwane: tuluna, da randuna, da kasake, jere a ƙasa kamar jama'a a masallacin idi. Muka ci waina da tsire, ba mai magana. Ya saya wa mahaifiyarsa ɗan tulu mai zane. Na ce tulu da moto ba sa shiri. Ya naɗe shi cikin rawani, ya rungume kamar jariri.

Daga Mirya zuwa Damagaram kilomita 18 ne, bisa kwalta. A bakin gari akwai allo. Sau da yawa na wuce shi a da, ban san abin da ke jiki ba. Ranar na rage gudu na karanta da kaina: ZINDER.

Mun zaga Birni da yamma. Mun ga manyan duwatsun nan da ke tsakiyar gari, da tsofaffin gidaje masu zane a bango, da abin da ya rage na ganuwa. A ƙofar fada muka gai da dogarai, muka nemi izini, wani ya shiga da mu. Ya yi mana bayanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka Damagaram. Ya ce a zamanin Turawa nan ne babban birnin Nijar, sai a 1926 aka mai da shi Yamai. Da ya ji baƙon Bakano ne, sai ya kawo labarin Sarki Amadu Kuran Daga da yaƙinsa da Kano. Yaron ya ce: "To, kun shiga Kano ɗin?" Aka yi dariya. Ita ce dariyarsa ta farko tun wurin faci. Muka sayi kilishi da alkaki a Kasuwar Dole, muka kwana gidan wani ɗan garinmu.

Shi ya yi barci. Ni ban yi ba. Na fito da littafin aji da alƙalami, na kunna fitilar waya. Na rubuta abin da na mallaka. San amalanke 1. Raguna 2. Riɗi buhu 3. Na rubuta kuɗin kowane, na tara yadda Malam ya koya mana. Na sake tarawa. Bai kai rabin abin da alhajin ya taya ba. Na rubuta moto a ƙasa, na daɗe ina kallon kalmar. Sai na soke ta. In na sayar da moto, da me za mu ci da rani?

Ranar Litinin muka juyo kudu ta kwalta. Wajen kilomita 90 ne zuwa Magarya, ta Dogo da Bande. Bayan kwana biyu cikin rairayi, sai ka ji kamar moto tana tafiya da kanta. A Bande rake ne tsibi-tsibi a bakin hanya, ana loda wa motoci. Muka ƙara mai. Ya yi mamakin yadda kuɗin Sefa da Naira ke yawo tare a hannun mutane. Na ce masa da can man Najeriya na kwalba shi ne mai araha. Tun da aka cire tallafi a can a 2023, lissafin ƴan kabu-kabu ya canza.

A Magarya muka tsaya cin ɗanwake. Garin da ya yi suna ne a zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin Sonara ke saye. Akwai wani tsohon fasinjana da ya san aikin kwamitin ƙasa, wanda ake kira kofo. Muka same shi. Ya ce tun dokar karkara ta 1993, kowace irin yarjejeniya a kan gona tana da takardarta: ta sayarwa daban, ta jingina daban, ta aro daban, ta haya daban. Ya ce rigimar gona da yawa daga rashin takarda take tasowa, in shaidu sun mutu ƴaƴa su kama faɗa.

Da muka fito na buɗe wa Bakano littafina. Na ce: "Ga abin da nake da shi. Ba zan iya saye ba. Amma ku ba ni haya ta shekara 4, in biya duka yanzu. Gona tana nan da sunan Baffa. In shekara 4 ta cika, mu sake zama."

Ya duba lissafin. Ya ce: "Bai kai ba, Yaya."

Na ce: "Na sani."

Ya ce ba shi ne mai gona ba, sai abin da Baba ya ce. Daga nan har Dungas ba mu sake tayar da maganar ba. Mun iso bayan isha'i, ƙura har cikin kunne.

Da safe muka tafi gona. Ya hau tudun da waya ke kamawa, ya kira gida ta yadda ake ganin juna. Na ga Baffa. Da ban san shi ne ba, da ban gane shi ba. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar. Na durƙusa a cikin kara na gaishe shi, na ce ya gafarce ni ban zo dubiya ba. Yaron ya juya waya a hankali yana nuna masa gonar, daga gabas zuwa yamma. Baffa bai ce komai ba a kan itatuwan. Sai ya tambaya ina tsamiyar da mahaifinsu ke salla a gindinta. Na ce iska ta kayar da ita shekarun baya, kututturen ne ya rage. Ya ce a nuna masa kututturen. Aka nuna masa.

Yaron ya faɗa masa maganar haya, da yawan kuɗin, bai ƙara ba bai rage ba. Ya faɗa masa na alhaji ya ninka shi fiye da biyu. Aka yi shiru har na zaci waya ta yanke. Sannan muka ji ya ce: "A ba shi."

Ranar Alhamis na kai sa da raguna Maigatari. Sa ne da na raina tun yana maraƙi. Ban tsaya ganin wanda ya ja shi ba. Ranar Juma'a aka zauna gaban mai gari, da liman, da shaidu 4. Takardar hukuma da Faransanci take, sai Malaminmu ya rubuta irinta da Hausa. Mai gari ya ce a karanta. Na ce ni zan karanta. Na yi tuntuɓe a wuri biyu, amma na kai ƙarshe. Aka miƙo tawadar dangwale. Na ce a ba ni alƙalami.

Bakano ya koma da kuɗin, da tulunsa, da tiya 10 ta gero da Goggo ta aiko a kai wa ƙanenta. Tulun ya isa Kano lafiya, abin da har yau nake mamaki. Bayan sati biyu na bi shi na dubo Baffa. Ita ce zuwana Kano ta farko.

Hayar za ta ƙare bayan kakar 2028. Abin da zai biyo baya yana hannun Allah da na Baffa. Yanzu ba ni da sa, amalanken maƙwabci nake haya in kai taki. Kowace Alhamis ina ware wani abu daga kuɗin kabu-kabu, ina rubutawa a bayan littafin nan.

Kwanan baya yaron ya kira ni. Ya ce abokansa biyu sun ga hotuna, suna so a bi da su hanyar nan, ta Waca da Mirya, za su biya. Na ce sai bayan kaka, lokacin rake. Na nemi wani abokin sana'ata mai moto mai ƙarfi. Na ce su zo da rigar sanyi, kuma kada kowa ya sa farin takalmi.